Kebul ɗin da Ya Zagaye Rijiya

Ranar wata Talata ce, rana ta yi ja tana shirin faɗawa bayan rufin gidajen Ayigya Zango. 'Yan trotro, ƙananan motocin haya, suna ta kiran fasinja a bakin titi, ƙanshin suyar kifi yana shigowa ta kan katanga, ladan bai riga ya ɗauki lasifika ba. A tsakar gidan marigayi Alhaji Gariba, Hajiya Nasira tana zaune a kan tabarma tana jan carbi. Ɗanta Rafiu kuwa yana tsaye, hannu a ƙugu, yana kallon wani ɗan farin akwati da ya kafa a bango kwana uku da suka wuce, irin kallon da mutum yake yi wa gidan da ya gina da guminsa. Akwatin yana ta ƙyafta koren ido. Wai shi ke nan abin alfaharin.

Sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano, ƙwal, ya gangaro ya tsaya a gaban ƙafar Rafiu. Bai fi ƙwan kaza girma ba, amma jiƙe yake sharkaf, ga gansakuka a jikinsa, alhali rabon unguwar da ruwan sama kwana tara. Na biyu ya biyo baya. Na uku ya sauka a hankali, kamar wani ne ya ajiye shi da hannu. Rafiu ya leƙa waje yana zage-zage, bai ga kowa ba sai wata akuya tana lasar bango.

"Mma, ɗaliban gidan hayar nan ne," in ji shi. "Haushi suke ji don na sa wa waifai lambar sirri."

Hajiya ta tsayar da jan carbi. Ta dubi dutsen, ta ɗaga kai ta dubi kusurwar da akwatin yake. A ƙarƙashinsa akwai tsohuwar rijiyar gidan, wadda aka rufe bakinta da siminti tun Rafiu yana rarrafe.

Bari in koma baya kaɗan, don a san yadda aka haihu a ragaya. Alhaji Gariba ya bar wa ɗansa ofis a cikin gidan: kwamfuta huɗu a ɗakin gaba, inda ake cike wa mutane takardun fasfo da na shiga makaranta ta intanet, da wasu biyu tare da firinta a ɗakin baya, can ƙetaren tsakar gida. A ɗakin bayan nan Ruwaida take zama, 'yar Rafiu tilo, mai shekara goma sha bakwai, tana buga takardu tun da ta gama sakandare. Abin da ya haɗa ɗakunan biyu shi ne wani shuɗin kebul da wani dattijo mai suna Moro ya shimfiɗa shekara goma sha biyar da suka wuce. Kebul ɗin bai bi miƙaƙƙiyar hanya ba. Ya fito daga ɗakin gaba, ya bi gindin bango, ya zagaya ta bayan kicin, ya tsallake kwata, ya yi doguwar tafiya kamar mai gudun surukinsa, duk don kada ya kusanci rijiya. Haka Alhaji ya ce a yi, haka Moro ya yi, bai tambayi dalili ba.

Shi kuwa Rafiu ya yi wani kwas na wata shida a Accra, ya dawo da takarda ɗaya a cikin gilashi da girman kai cike da buhu. Tun ranar da aka share makokin ubansa yake jin kebul ɗin nan yana tsone masa ido. Da ya tashi cire shi, ya aika aka kira Moro daga unguwar Alabar, ba don neman shawara ba, sai don ya sami wanda zai yi wa burga.

Moro ya zo da tsohuwar jakar kayan aikinsa, ya saurara har Rafiu ya gaji. Kebul ƙazanta ne, in ji Rafiu, ɓera yana cin sa, ƙura tana taruwa a kansa, ba ka da ikon matsar da tebur taku biyu sai ka kira mai gyara, kuma kwastoma ya shigo da wayarsa ba shi da yadda zai haɗa. Duk gaskiya ne, ban hana shi ba. Amma ai gaskiya ma akwai yadda ake faɗinta.

"Rafiu," in ji Moro a hankali, "kebul ba ya gajiya. Bango ba ya tare shi, hadari ba ruwansa da shi, maƙwabci ba ya shan maka. Abin da ka aika yana tafiya a cikin hanyarsa, ba wanda ya gani, ba wanda ya ji. Shi kuwa waifai, magana ce ka watsa a iska, duk inda ta ga dama ta shiga. Ka bar wa teburan aiki kebul ɗinsu. Ka sa akwatinka a ɗakin gaba saboda baƙi, in an tashi aiki ka kashe. Kowa ya huta."

Rafiu ya yi wata dariya ta hanci. Mutumin da ya goya shi a kafaɗa yana yaro, wanda duk unguwa ke ce wa Baba Moro, shi ya kira da sunansa tsirara a gaban ma'aikata.

"Moro, hannunka ya tsufa, kanka ma ya tsufa. Mita ashirin ka ɓata kana zagaye rijiyar da babu ko kwaɗo a ciki."

A ranar ya fizge kebul ɗin da hannunsa, ƙusoshi suna tashi, ya dunƙule shi ya jefa a kwandon shara. Moro ya miƙe. Ya ɗauki jakarsa, ya tsaya jim kaɗan a bakin kwandon, ya fita.

To, da aka kafa akwatin a ɗakin gaba, sai bangon gidan ya nuna masa shi ma ya san aikinsa. Ginin da ne, mai kaurin kamu biyu, sabis ya ƙi isa ɗakin baya. Ruwaida ta aika takarda firinta ya yi shiru, ta buɗe shafi ya yi ta juyawa. Mai hankali da a nan zai tsaya. Rafiu ya auna tsakar gida da ƙafa, ya ga tsakiyar ɗakunan biyu daidai bangon rijiya ne, ya ɗauko injin huda bango. Hajiya ta fito da sauri har mayafinta yana faɗuwa, ta ce ubansa bai taɓa yarda a buga ko ƙusa a wurin nan ba, ko ruwan zafi ba a zubarwa a kusurwar, kuma ga magariba ta kawo jiki. Ya ce mata, "Mma, wannan kimiyya ce." Ya huda bangon ba ko bisimilla. Karambanin akuya, gai da kura.

Wannan shi ne abin da ya faru kafin jifan ranar Talata. Daga ranar kuwa, kullum rana ta yi ja sai jiƙaƙƙun duwatsu su fara sauka, uku uku, ba ƙari ba ragi. Ran Alhamis aka ɗauke wuta tun la'asar, unguwa ta yi tsit, fanka ta tsaya, firji ya mutu, amma koren idon akwatin bai daina ƙyaftawa ba. Ran Asabar, ba wuta kuma, firinta ya tashi da kansa ya fitar da takarda bakwai baƙaƙe wuluk, masu danshi, suna warin laka. Ma'aikata biyu suka ce iyayensu ba lafiya, ba su sake dawowa ba. Duk wanda ya gifta ta kusa da rijiya da yamma sai ya ji gunaguni daga ƙarƙashin siminti, kamar tsohuwa tana mita a cikin ɗaki. Rafiu ya ji da kunnensa. Ya ce bututun ruwa ne. Kai, wani mutum ko Allah ya ba shi kunne huɗu asara ce.

Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wannan karon ruwan bai doki tsuntsun ba, 'yarsa ya doka.

Ran Litinin da yamma Ruwaida ta fito daga ɗakin baya riƙe da takardun wani kwastoma. Tana zuwa daidai rijiya ta tsaya cak. Takardun suka zube. Ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, ta durƙusa a kan simintin, ta ce da wata murya da ba tata ba, murya mai kauri da tsufa, "Ya isa. Surutun ya isa." Daga nan ba ta sake sanin kowa ba. Ba ci, ba sha, ba barci, idonta a buɗe yana kallon akwatin. An kai ta asibiti, likita ya auna duk abin da ake aunawa ya ce bai ga komai ba. Rafiu ya dawo da ita gida a bayan tasi, kanta a kan cinyarsa, yana kiran sunanta tana kallonsa kamar ba ta taɓa ganinsa ba. A nan ne tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Duk tsiyarsa yana son yarinyar nan fiye da ransa, ita kaɗai matarsa ta bar masa.

Hajiya ba ta nemi izininsa ba. Ran Laraba bayan la'asar sai ga Malam Sulemana daga Tafo, wani siririn dattijo mai farin gemu, ba tarkace, ba rakiya, Alƙur'aninsa kawai da 'yar kwalbar ruwa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka kwantar da Ruwaida. Ya zauna a wajen kanta ya fara karatu, a hankali, ba ihu ba duka. Inuwar katanga tana tsawo tana cinye tsakar gidan kaɗan kaɗan. Ko kajin gidan sun yi shiru.

Can jikin yarinyar ya fara rawa. Ta tashi zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffin mata, ta yi tsaki mai tsawo.

"Malam, rage murya. Ni ma na san abin da kake karantawa. Musulma ce ni tun kakan wancan bai iya alwala ba."

"To, in Musulma ce ke, me ya kai ki jikin 'yar mutane?" in ji Malam. "Wace ce ke?"

"Sunana ya fi ƙarfin bakin gidan nan. A rijiya nake, ni da jikokina. Gariba ya san da ni. Ya ce hanyarku daban, hanyarmu daban. Ya sa maganarsa a cikin igiya, ya zagaye mini ƙofa da ita kamar mai tarbiyya. Shekara goma sha biyar ban ji ko tarinsa ba."

Ta juyo da idon Ruwaida ta ɗora a kan Rafiu. Bai taɓa ganin raini irin wannan a fuskar ɗan Adam ba, balle a fuskar 'yarsa.

"Sai wannan. Ya huda mini bango, ya rataya mini abin da ba ya rufe baki. Dare da rana maganarku tana ratsa ɗakina, tana ratsa jikokina. Hoton fasfo, takardar makaranta, gulma, waƙar banza. Har ɗaliban gidan can suna sha ta kan katanga, lambar sirrin taka ai shekarar haihuwarka ce, sakarai. Ba abin da ka aika da bai bi ta kaina ba. In gaya wa uwarka abin da ka rubuta wa abokinka na Accra? Cewa ubanka ya mutu da jahilcinsa, yanzu ofis ya samu mai ilimi?"

Carbin Hajiya ya faɗi ƙasa. Rafiu ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa.

"Ko da ya yi miki laifi," in ji Malam, muryarsa ba ta canza ba, "yarinyar ba ta yi miki komai ba. Wannan zalunci ne, kuma kin san Wanda zai tambaye ki."

Muryar ta ɗan sauko.

"Na jefi kwanonsa kwana shida, bai ji ba. Na yi masa magana ta injinsa, bai ji ba. Na ce to ina kunnen mutumin nan yake? Na duba, na duba, sai na tarar kunnensa a jikin yarinyar nan yake."

Malam ya ce ta faɗi abin da take so ta fita. Ta ce a bar mata gidan gaba ɗaya. Malam ya ce ba ta isa ba, gidan marayu ne da gwauruwa, ya ɗaga Alƙur'ani zai ci gaba da karatu. Ta ce to a fasa akwatin. Malam ya ce abincin gidan yana jikin aikin nan, ba za a fasa ba. Suka yi ta ja kamar masu cinikin goro, inuwa tana ƙara tsawo. A ƙarshe ta ce:

"A cire akwatin daga bangona. A mayar da shi ɗakin gaba saboda baƙinku, in an tashi aiki a rufe masa baki. Igiyar Gariba ta koma hanyarta, ita ɗin dai, ba sabuwa ba. Hannun da ya cire ta, shi zai mayar. In ladan ya kira magariba ba a gama ba, zan sauka ƙasa da hankalinta, ku riƙe gangar jikin."

Kun ji fa. Abin da Moro ya faɗa kyauta, shi ne aka dawo aka saya da wannan tsada.

Rafiu ya dubi sama, rana ta riga ta taɓa rufin maƙwabta. Ya tuna kwandon shara, ya tuna motar kwasar shara ta zo tun makon jiya.

"Mma, kebul ɗin… na zubar."

Hajiya ba ta dube shi ba. Ƙofar gida ta kalla. Moro yana tsaye a wurin, ita ta aika masa tun da safe. A hannunsa akwai buhu, ya zazzage shi a tsakar gida. Shuɗin kebul ɗin ne, wanda ya tsince daga kwandon shara, a naɗe tsaf, an goge shi, har ƙusoshinsa an tattara a cikin gwangwanin madara.

Rafiu ya rarrafa ya kama gefen rigarsa.

"Baba Moro, don Allah. Ban san ta inda ya bi ba."

"Hannuna ya tsufa," in ji Moro. Ya miƙa masa guduma. "Amma idona yana gani. Durƙusa."

Haka mai takardar Accra ya durƙusa da farar rigarsa. Ya fara daga ƙofar ɗakin gaba, yana jan gwiwa a kan siminti, yana lalubar gindin bango da yatsa. Moro yana tsaye a kansa. "Ba nan ba. Bi tsohon ramin ƙusa. Ubanka ya riga ya nuna maka hanya." Ramukan suna nan kuwa, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ɓata. Ya buga, ya ja jiki, ya buga. Guduma ta sami babban yatsansa, farce ya tsage, bai tsaya ba. Ya bi ta bayan kicin cikin toka da ɓawon albasa. Ya shiga kwata da gwiwoyinsa, ruwan wanke-wanke ya jiƙa wandonsa. Ɗalibai sun jeru a kan katanga suna kallo, ba wanda ya yi dariya. Duk lokacin da ya ɗaga kai sai ya ga idon 'yarsa yana bin sa da kallon tsohuwar nan, rana kuma ta zama ja kamar garwashi. Mita ashirin ɗin da ya ce an ɓata, da gwiwarsa ya auna su.

Ya isa ɗakin baya. Ya miƙe da gudu ya kwance akwatin daga bangon rijiya, koren idon ya mutu a hannunsa. Ya dawo ya durƙusa a ƙarƙashin teburin Ruwaida, amma da tsagaggen farcen nan ya kasa saita kan kebul ɗin a raminsa. Lasifikar masallaci ta yi ƙara, ladan yana gyara murya. Moro ya sunkuya ya riƙe masa wuyan hannu da wannan tsohon hannun, ya daidaita shi. Kan kebul ya shiga, ƙyas.

Sannan aka ce Allahu Akbar.

A tsakar gida Ruwaida ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin kakarta. Wani abu ya faɗa can ƙarƙashin simintin rijiya, tsulum, kamar an saki guga. Malam ya shafa mata ruwa a fuska, ya rufe Alƙur'aninsa, ya nemi buta.

Rafiu ya fito daga ɗakin baya, bai iya miƙewa ba, da rarrafe ya ƙaraso bakin tabarmar. Ruwaida ta buɗe ido. Ta dubi kakarta, ta dubi Moro ta ce, "Baba Moro, ina wuni," da 'yar siririyar muryarta ta kullum. Sannan ta ga ubanta, riga duk toka, gwiwa duk jini, hawaye yana bin gemunsa.

"Baba, me kake yi a ƙasa?"

Ya daɗe yana kallonta. Ya dubi shuɗin kebul ɗin da ya bi gindin bango ya zagaye rijiya daga nesa.

"Aiki nake koyo, uwata," in ji shi.